Lungun da Kyamara Ba Ta Gani

A layinsu ba mai kiransa da sunansa. Kafinta ake ce masa, masu ƙananan shekaru su ce Baba Kafinta, ko da yake ya kai shekara shida da rufe shago. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana aikin katako, kuma in ka bi layin nan daga farko zuwa ƙarshe, da wuya ka wuce gida biyar ba ka tura ƙofar da ya haɗa ba. Shi ba ya faɗin haka. Sai dai in yana wucewa ya ji wata ƙofa tana kuka, yakan tsaya, ya ɗaga ta kaɗan ya sake, ya ce wa masu gidan su ɗiga mata mai, ya yi gaba.

Mutum ne mai ƙarancin magana. Mai ɗakinsa, kafin Allah Ya yi mata rasuwa, takan ce duk mai son hira da shi ya miƙa masa guntun katako, sai baki ya buɗe. 'Ya'yansu biyu suka rayu. Babbar cikinsu mace ce, nas a wani asibiti a wata ƙasa mai nisa, shi kuma Uwata yake ce mata. Sai Auta, ma'aikacin ofis, wanda ke zaune da iyalinsa a ɗaya gefen garin, a hawa na huɗu na wani dogon bene.

Gidan Kafinta ba babba ba ne. Ɗaki biyu da falo, kicin, tsakar gida mai siminti, ɗan sito a can kusurwa inda ya zuba kayan aikinsa bayan ya bar shago, sai tankin ruwa a kan ƙafafun ƙarfe kusa da siton. Duk taga da ƙofar da ke gidan shi ya yi su. A nan ya aurar da yaran, a nan aka fitar da uwarsu, a nan kuma yake zaune shi kaɗai. Kullum bayan azahar Direba yakan zo, tsohon abokinsa wanda ya tuƙa babbar mota har idonsa ya gaji, su zauna a inuwar bango, Direba yana zuba, shi yana gyaɗa kai.

Wata safiya Kafinta ya je ɗibar ruwa, santsi ya kwashe shi a bakin famfo. Bai karye ba, amma ƙugunsa ya ƙi ɗaga shi. Nan ya kwanta, rana ta taso ta same shi, har zuwa lokacin da Direba ya turo ƙofa. A asibiti aka duba ƙugu aka ce ba komai, sai dai likita ya lura hannunsa na dama yana 'yar rawa, ya rubuta, ya kuma faɗa wa Auta.

Yaran suka yi ta waya a tsakaninsu kwana uku. Auta ya ce magana ɗaya ce, Baba ya koma wurinsa, ga ɗaki a gyare. Kafinta ya ce ya gode, ya ji, ba zai je ba. Ya faɗa sau ɗaya, bai ƙara ba, kuma sun san in ya faɗi magana sau ɗaya ya gama. Nas ce ta nemo tsaka-tsaki. Za a bar shi a gidansa, amma za a sa kyamarori, ita da Auta su riƙa dubawa ta waya. Kayan aiki kuwa ya haƙura da su.

"Baba, ni na tsaya maka," in ji ta a waya. "Amma in ka sake faɗuwa, ko aka ga zarto a hannunka, ba ni da bakin hana Auta ya zo ya ɗauke ka. Ka ji ni?"

"Na ji ki, Uwata."

"Jin kunne ko jin zuciya?"

"Na dai ji."

Mai sa kyamara ya zo da tsani da jakar wayoyi. Ya kafa ɗaya a falo, ɗaya a saman tagar kicin tana kallon tsakar gida, ɗaya a ƙofar waje. Ɗakin kwana da banɗaki aka bar masa. A kan kabad ɗin falo ya ajiye wani ɗan akwati mai ƙyafta koriyar fitila, ya ce shi ne ke ɗaukar hoton ya tura ta intanet, ya haɗa masa batir don ko an ɗauke wuta ba zai mutu ba.

"Baba, ko a bangon duniya 'yarka take, da ta buɗe waya ta sa lambar sirri, ga ka nan," in ji mutumin. "Tana jin ka, tana iya yi maka magana. Kuma da rana, in aka yi awa biyu ba abin da ya gitta, wayarta za ta yi ƙara."

Kafinta ya ɗaga kai ya daɗe yana duban ta saman tagar kicin.

"Ta karkace," ya ce.

"Wace?"

"Wannan. Ƙusarta ta hagu ta fi ta dama ƙasa."

Mutumin ya yi dariya ya ce hakan ba ya hana ta gani, ya naɗe tsaninsa.

Washegari yana shan shayi a tsakar gida, sai bango ya yi magana. "Baba, ka sha maganin safe?" Kofin ya kuɓuce masa. Muryar 'yarsa ce, ta ce ya yi haƙuri, ta ce kada ya taka fasasshen, ta ce tsintsiya tana bayan ƙofar kicin. Ya san inda tsintsiyarsa take. Ya je ya ɗauko.

Daga ranar ya daina fitowa tsakar gida da singileti. Yakan sa riga da hula kafin ya buɗe ƙofar ɗaki, kamar mai jiran baƙi. In zai tashi daga kujera, da can yakan dafa bango ya yi nishi son ransa. Yanzu sai ya tara numfashi ya miƙe a karo ɗaya, ya haɗiye nishin. Ɗakin kwana ba mai ganinsa, amma da rana zafi ne da shi, kuma ya gwada sau ɗaya ya yi barcin rana mai tsawo, sai ga waya, sai ga wata wayar, sai ga Auta ya baro ofis yana buga ƙofa.

Direba kuwa abin ya zame masa wasa. Da ya shigo sai ya cire hula ya rusuna wa tagar kicin.

"Ranki ya daɗe, Likita. Ga mara lafiyarki nan, bai gudu ba. Ni ma gwiwata tana ciwo, in da hali a duba ni."

Wani lokaci bango ya amsa, "Baba Direba, rage sukari za ka yi," wani lokaci shiru, ba a san ko tana can ko ba ta nan. Shirun ya fi damun Kafinta. Hirarsu ma ta canja. Direba ya daina ba da labaran hanya waɗanda ba a bayarwa a gaban 'ya'ya, ya koma zancen tsadar taya.

Abinci ya fara komawa kicin kusan yadda ya fito. Ba ciwo yake ji ba. Hannuwansa ne ba su san inda za su zauna ba. Yakan ɗora su a gwiwa, ya mayar da su aljihu, ya shafa hannun kujera yana jin inda katakon ya fara tsagewa.

Rannan ya kira 'yarsa a lokacin hutunta na rana. Fensirinsa na aiki yana bayan kunne.

"Uwata, buɗe abin naki. So nake in tabbatar mutumin nan ya yi aikin kirki."

"Na buɗe, Baba."

Ya tsaya a bakin famfo. "Kina ganina?"

"Ina ganinka."

Ya yi taku uku wajen sito. "Yanzu fa?"

"Har hularka."

Ya ƙara biyu, ya ratsa gefen tanki.

"Yanzu kafaɗarka kawai nake gani."

Ya matsa rabin taku.

"Baba, ka ɓace."

"To," ya ce. Ya sunkuya a hankali ya ja layi da fensir a kan siminti. Ya dawo ya bi ta jikin bango, yana tambaya tana amsawa, tana dariya, tana cewa yau Baba ya samu abin wasa. Ya miƙa hannu, ta ce ta ga yatsu, ya ja wani layin a bango. Kafin hutunta ya ƙare ya gama awonsa. Wurin da kyamara ba ta kaiwa wani ɗan lungu ne tsakanin ƙafafun tanki da bangon sito, tsawonsa taku uku, faɗinsa biyu a can ciki, yana tsukewa ta wajen baki. Ƙofar siton kuma a cikin lungun take buɗewa.

Da farko wasa ƙarafa kawai ya yi. Ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, ya goge tsatsa, ya shafa mai. Sai ya tuna kyamarar tana da kunne. Ya ɗauko tsohon rediyon mai ɗakinsa ya ɗora a kan tagar kicin, daidai ƙarƙashinta, ya ƙure murya. Bayan kwana biyu ya jawo ƙaramin teburin aiki zuwa bakin sito, ya zaɓi guntun katako, ya ɗora zarto.

Ya tsara ranarsa da agogo. Awa ɗaya da rabi a lungu, sai ya kakkaɓe garin katako daga riga, ya busa gashin hannunsa, ya ɗauki buta ya ratsa tsakar gida a natse, ya zauna a kujera minti goma yana kallon sama kamar wanda ba shi da abin yi a duniya. Sannan ya koma. Garin katakon yakan share shi ya ɗura a buhu a cikin sito. Abinci ya fara ƙarewa a kwano.

Sai dai lungun yana da nasa sharaɗi. Katakon da ya wuce kamu biyu ba ya shiga, bakinsa zai leƙa waje. Mutumin da ya yi ƙofofin layi guda ya koma ba ya iya yin komai sai 'yan ƙananan kujeru na tsuguno. Ya yi ɗaya, ya yi ta biyu, ya yi ta uku, yana jera su a sito. Kuma in zai yanka katako, ba ya iya buɗe ƙafa ya saki hannu yadda ya saba, don gwiwar hannunsa za ta tsallake layin fensir. Sai ya matse ta a haƙarƙari, yana jan zarto gajere-gajere. Da a shago ne ya ga wani yana yanka haka, da ya karɓe zarton ya ce ya je ya huta.

Direba ya leƙo lungun ranar farko da ya gane, ya riƙe baki.

"Mai Zarto, kai da gidanka, kai da katakonka, kana yi kamar ɓarawo?"

"Rage murya."

"Wa zai zauna a kan waɗannan? Ni dai in na tsuguna a nan sai an kawo motar janwe."

"Ba don a zauna ba ne."

"To don me?"

Kafinta ya miƙa masa ƙafar kujera ya ce ya riƙe masa. Direba ya riƙe, rabin jikinsa a waje, yana ɗaga wa tagar kicin hannu yana cewa iska yake sha a gindin tanki.

An yi wata biyu haka. Ranar da abin ya faru, yana kan kujera ta biyar, yana yanke ƙafarta ta ƙarshe. Katakon yana da ƙulli a tsakiya. Da a ce hannunsa a sake yake, da ja ɗaya mai tsawo ya wuce shi. Da gajeren ja, haƙoran suka cije a ƙullin, hannun dama ya yi rawarsa, zarto ya yi tsalle ya sauka a gindin babban yatsansa na hagu.

Bai yi ƙara ba. Ya dubi wurin, ya dubi agogo. Saura minti bakwai ya fita. Ya ɗauki tsumman da yake goge ƙarafa ya naɗe hannun ya matse, ya cusa shi a aljihun riga, ya watsa garin katako a kan abin da ya ɗiga a ƙasa. Sannan ya ɗauki buta da dama ya ratsa tsakar gida. Bai taɓa sanin tsakar gidansa tana da faɗi haka ba. Ya zauna a kujera minti goman nan cif, yana jin ɗumi yana bin cinyarsa ta cikin aljihu, sannan ya tashi ya shiga ɗaki.

Da Direba ya zo ya ga hannun a ɗaki, wasa ya bar fuskarsa.

"Wannan ɗinki yake so. Tashi mu je."

"Ta ƙofa?"

"Ta ina kuma? Ta rufi?"

"Akwai kyamara a ƙofar. Za ta tambaya ina za ni."

"Ka ce mata yawo."

"Ban taɓa yi mata ƙarya da baki ba."

Direba ya dube shi. Ya fita ya je kemis ya dawo da auduga da bandeji da ruwan wanke ciwo a cikin ledar burodi. Su biyu suka yi ɗaurin, mai rawar hannu da mai raunin ido.

Rana ta farko ya ce da sauƙi. Ta biyu hannun ya kumbura. Ta uku yana jin bugun zuciyarsa a cikin yatsan, kuma jikinsa ya yi ɗumi. Bai koma lungu ba, bai kunna rediyo ba. Amma bai fasa fitowa ba, don awa biyu ba ta san mutum ba shi da lafiya ba. Yakan fito da riga mai babban aljihu, hagu a ciki, ya zauna ya juya wa tagar kicin gefen dama. Maɓallin wuyan riga ya gagare shi da hannu ɗaya, ya bar shi a buɗe. In zai zuba shayi, sai ya ajiye kofin a ƙasa ya zuba daga sama.

A rana ta huɗu da hantsi, bango bai yi magana ba. Wayarsa ce ta yi ƙara.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, Uwata. Ya aiki?"

"Aiki da godiya. Baba, fito tsakar gida."

"Ina tsakar gidan ai."

"Na sani. Taso ka zo gaban taga, ka ciro hannunka na hagu daga aljihu."

A can ɓangarenta yana jin takun mutane da ƙarar wani keke da ake turawa.

"Sanyi nake ji a hannun," ya ce.

"Baba."

"Tsufa ne."

"Kwana huɗu ba ka ɓalle maɓallinka ba. Kai da ko shara za ka kai sai ka ɓalle. Kwana huɗu ba rediyo." Ta ja numfashi. "Kuma kwana huɗu ban ga inuwar ba."

"Wace inuwa?"

"In la'asar ta yi, rana tana biyowa ta bayan tanki. Kai ba na ganinka, amma inuwar hannunka tana faɗowa a kan siminti, tana gaba tana baya. Tun satin farko nake kallonta."

Kafinta ya nemi hannun kujera ya dafa.

"Ba ki ce komai ba."

"Na ga kana cinye abincinka." Muryarta ta yi ƙasa. "Auta ba ya buɗewa da la'asar, yana kan hanya. Na ce bari in yi kamar ban gani ba. Kullum in na fito daga ɗakin marasa lafiya sai na buɗe, in na ga tana motsi in ce alhamdu lillahi, in rufe. Laifina ne, Baba. Ciro hannun."

Ya tashi, wannan karon da nishinsa, ya je gaban tagar kicin. Ya ciro hannun a hankali, ya warware bandejin da haƙori da yatsun dama, ya ɗaga shi sama yadda za ta gani. Ya daɗe a haka. Kyamarar tana nan a karkace.

"Juya shi," ta ce daga baya. Ya juya. "Wannan jan layin da ya hau wuyan hannu, yaushe ya fara?"

"Jiya."

"Zan kira Auta."

"Uwata, Direba zai iya kai ni. A ɗinke a dawo. Ba sai Auta ya ji ba."

"Ya wuce ɗinki, sai an kwantar da kai. Za su nemi ɗanka. Ni ba ni da hannu a nan, Baba. Ido kawai gare ni."

Auta ya iso kafin azahar. Bai yi faɗa ba, da ma ba mai faɗa ba ne. Ya shiga ɗaki ya zuba riguna a jaka, ya ɗauko magunguna, ya kashe fanka. Da zai kulle gida ya bi ta gefen tanki, ya tsaya ya dubi layin fensir a ƙasa, da teburin, da kujera mai ƙafa uku. Ya dawo ya riƙe wa mahaifinsa ƙofar mota.

Kwana biyar aka yi a asibiti, yatsan ya tsira. Daga nan aka wuce da shi bene, aka ce sati biyu, kafin hannu ya warke.

An kyauta masa a can, ba zai ce ba a kyauta ba. Surukarsa ta kwashe littattafan yara daga ƙaramin ɗaki ta shimfiɗa masa sabon zanen gado. Takan tambaye shi abin da yake son ci, ya ce duk abin da aka dafa. Tagar ɗakin tana da ƙarafa, tana kallon bayan wani benen. Ƙofar ɗakin ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ranar farko, ya ji ba katako ba ce, garin katako ne aka matse aka lulluɓe, bai sake taɓa ta da niyya ba. Matakala sittin da huɗu ce zuwa ƙasa, kuma an roƙe shi kada ya sauka sai da wani. Da safe kowa yakan fita, gidan ya rage daga shi sai surukar da ƙarar firji.

Auta ne ya ga yana yawan zama a bakin gado, ya karɓi wayarsa wata ranar hutu ya sa masa manhajar kyamarorin, ya nuna masa inda zai taɓa.

"Ga gidanka nan, Baba. Duk lokacin da ka so."

Falo ya fito, da kujerunsa a rufe da zane. Ƙofar waje, mutane suna wucewa ba sa kallonta. Tsakar gida, famfo, kujerarsa a jikin bango, ganye ya fara taruwa a ƙarƙashinta. Daga gefe, ƙafafun tanki biyu, sai hoton ya ƙare. Yakan riƙe wayar ya karkata ta, kamar hakan zai sa ta leƙa.

Sati biyu suka zama shida. An cire zare, fata ta haɗe, yana iya ɓalle maɓallinsa. Nas takan kira kullum, su yi zancen magani da na yara. Sau ɗaya ya ce mata, "Uwata, maganar komawa fa?" Ta ce za su yi magana da Auta. Bai sake tambaya ba.

Wata safiya Auta yana ɗaura takalmi zai fita, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Baba, na ba Baba Direba makulli. Na ce ya tattara kayan nan na bayan tanki ya kulle a sito, kada ruwan sama ya lalata su."

"Ai zan koma."

"Eh, Baba. In hannu ya gama warkewa."

Kafinta ya dubi hannunsa. Auta ya ɗauki jakarsa ya yi sallama.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya ga ƙofar gidansa ta buɗe a waya. Direba ya shigo da buhu a kafaɗa, yana jan ƙafa. Bai cire hula ba, bai dubi tagar kicin ba. Ya wuce gefen tanki ya ɓace. Can sai ga shi ya fito da baya, yana jawo teburin aiki zuwa fili inda zai ga haske. Ya koma ya kwaso kaya ya zube a kan siminti: guduma, tef na awo, gwangwanin ƙusoshi, kujera mai ƙafa uku, zarto. Ya buɗe bakin buhu, ya jefa zarton ciki, ya ɗauki guduma.

Kafinta ya miƙe tsaye da wayar.

"'Yata," ya kira surukarsa. "Zo. Ina ake taɓawa a yi magana?"

Ta fito daga kicin tana goge hannu, ta nuna masa. "Ka danna nan ka riƙe, Baba."

Ya danna. "Kada ka ɗora guduma a kan zarto."

A cikin wayar Direba ya zabura, gudumar ta faɗi kusa da ƙafarsa. Ya waiga hagu da dama, sannan ya ɗaga kai ya dubi saman taga.

"Mai Zarto? Kai ma ka shiga bangon?"

"Ciro shi daga buhu. Haƙoransa za su lalace."

"Abin da ya kusa cire maka yatsa, shi kake tausayi?"

"Ba laifinsa ba ne. Ciro shi."

Direba ya ciro, ya riƙe shi nesa da jikinsa. "To ina zan kai shi, ranka ya daɗe?"

"Akwai ƙusa a bayan ƙofar sito, daidai kafaɗarka. Ka shafa masa mai tukuna, kwalbar tana kan taga. Ka rataye shi haƙora suna kallon bango."

"Sai kuma me? In yi masa fifita?"

"Sai kujerar. Ƙafarta ta huɗu tana nan a ƙasa, ka haɗa su wuri ɗaya. Kada ta ɓata."

Direba ya tsaya yana duban kyamarar, zarto a hannu. Sai ya gyara hularsa, ya juya ya nufi gefen tanki. Kafaɗarsa ta rage, sannan ita ma ta shige.

Siminti ya rage, da buhu a buɗe, da guduma a inda ta faɗi. Kafinta ya zauna a bakin gado, yatsansa yana kan wurin dannawa.

"Baba, abincinka zai huce," in ji surukar daga bakin ƙofa.

"Bari ya fito tukuna," ya ce.